Matar da Ta Koya wa Na'ura Yin Shiru

"In muka toshe mata kunne, wata rana za ta yi ta zuba surutu yaro yana tafiya a hannun uwarsa, ita ba ta sani ba."

Kafinta yana tsaye a kan kujera, guduma a hannu, ƙusa a baki, lokacin da ya ji wannan magana, kuma saura kaɗan ya haɗiye ƙusar. An kira shi ne ya kafa kantar ajiye kaya a wani ɗan ɗaki da ke bayan asibitin yara masu sikila, tsakanin ma'ajiyar magani da wurin wanki. Bai san kan gardamar ba. Ya dai ji an ambaci yaro, an ambaci uwa, shi kuwa autarsa tana cikin yaran da ake dubawa a asibitin nan, kuma mutum ne da ko tari yarinyar ta yi sai ya ajiye zarto ya leƙo. Bai kawo a ransa ba cewa ranar da matar take faɗa tana nan tafe, kuma ƙofar gidansa za ta ƙwanƙwasa.

Wadda ta yi maganar ita ce dalilin wannan rubutu. Ma'aikata suna kiranta Uwar Murya. Mu iyayen yara, akasarinmu ko a hanya muka haɗu da ita ba za mu gane ta ba. Murya muka sani, wadda ke amsa layin asibiti in ka buga, ta tambaye ka jikin yaro, ta ba ka shawara, in abin ya fi ƙarfinta ta haɗa ka da nas. Manhaja ce a cikin kwamfuta, amma ba daga sama ta faɗo ba. Akwai wadda ta zauna shekara da shekaru tana gina ta, tana rushewa, tana sake ginawa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don idanunta sun gaji da allon kwamfuta, likita ya ce su huta haka nan.

Mai sharar asibitin, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Baba, ta ce ba ta taɓa gama goge baranda ba tare da ta ga matar nan ta shigo ba, jaka a kafaɗa, tabarau a rataye a wuya. Kuma ba ɗakinta take wucewa ba. Benci take samu a wurin jira, ta zauna cikin iyaye kamar ita ma yaro ta kawo. Ba ta tambayar kowa komai. Saurare take yi: yadda uba ke fara ba da labari daga ƙarshe, yadda uwa ke gyara masa, yadda kaka ke tsoma baki da abin da ya faru bara. Sai rana ta ɗaga, an fara kiran mutane, sannan ta miƙe ta shiga ɗakinta, ta kunna kwamfuta, ta haɗa shayin da kullum sai ya huce kafin ta tuna da shi.

Maigadi ya ce da farko ya ɗauka 'yar leƙen asiri ce hukuma ta turo. Har ya daina gyangyaɗi na ɗan lokaci.

Waɗanda suka daɗe a cikinmu sun tuna tsohuwar na'urar da ta riga Murya. Ita wannan kamar ma'aikaci ce mai karanta tambayoyi a takarda ba ya ɗaga kai. Sai ta gama tambaya ta farko ta jira amsa, sannan ta biyu, sannan ta uku. Ka ce mata yaro ya suma, ta ce ka faɗi shekarunsa. Ka juya ka tambayi matarka wani abu, kafin ka dawo ta yi maka sallama ta kashe. Mutane da yawa sun zage ta, ita kuwa ko a jikinta.

A ranar kafa kantar nan, da gardama ta ɗan lafa, Kafinta ya cire ƙusar daga baki ya yi ƙarfin hali.

"Ranki ya daɗe, ba shisshigi ba, wai wa za a toshe wa kunne?"

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Malam Kafinta, in maiɗakinka tana girki, yaro ya ƙwala ƙara a tsakar gida, sai ta gama juya tukunya?"

"Ina! Ai ludayin ma a ƙasa za ki tsince shi."

"To haka nake son Murya ta zama. Ba layi take bi ba, jiran abin da zai faru take yi. Ka yi magana, abu ya faru. Ka yi shiru ya yi tsawo, shi ma abu ne ya faru. Waya ta katse, nas ta samu sarari, wata murya ta shigo daga gefe, kowanne da abin da za ta yi a kansa nan take, ko da tana tsakiyar kalma. Shi kuma wannan dogon yana so in tana magana ta daina ji."

Wanda ta nuna abokin aikinta ne, magidanci mai tsawo da ake kira Dogo, kuma shi ma da gaskiyarsa.

"Anti, ki faɗa masa duka mana," in ji shi. "Zakara ya yi cara, ta yi shiru. Babur ya wuce, ta yi shiru. Jiya wani ya kira rediyonsa a kunne, ta tsaya tana sauraren tallar sabulu, har ta tambaye shi ko yaron ne ke ƙaiƙayi. Jama'a sun gaji, shugabar nas ta gaji. In muka rufe kunnen sai ta gama magana, kafin la'asar an wuce wurin."

"Dogo, a gidanku ka taɓa yin waya kai kaɗai?"

"Kamar yaya?"

"Na zauna a bencin can na gani. Mai riƙe da waya daban, mai sanin jikin yaro daban. Uba ne ke bugawa, don wayarsa ce mai kati. Uwa tana can bakin murhu, ita ta ga abin da yaro ya ci da abin da ya amayar. Ba za ta jira na'ura ta gama jawabi ba, lokacin da abin ya faɗo mata za ta faɗe shi, sau ɗaya, kuma ba da wayar ma take ba. In ba mu ji a lokacin ba, mun rasa shi."

Kafinta ya buga sauran ƙusoshinsa a hankali, yana ta tunanin gidansa. Ko sau ɗaya matarsa ba ta taɓa buga layin nan ba. Kullum shi ne.

Uwar Murya ta je wurin shugaban asibiti ta roƙi a ƙara mata lokaci, aka ba ta da ƙyar. Abin da ta yi, kamar yadda Dogo ya bayyana mana daga baya da harshen da za mu gane, raba aikin ta yi. Ɓangare ɗaya ba ya komai sai saurare, ba ya rufewa ko da daƙiƙa. Wani yana magana. Na uku yana auna abin da ya shigo: hayaniya ce, a wuce ta, ko magana ce a kan yaro, a tsayar da komai. A faɗe kamar wasa. A aikace kuwa makonni suka shuɗe ɗakin nan ya koma kasuwa. Dogo ya kawo rediyo, ya kawo injin markaɗe na matarsa, ya kawo wata tsohuwar fanka mai kukan tsiya. Aka riƙa kiran Maigadi ya zama uba, Baba mai shara ta zama uwa.

Maigadi zai riƙe waya, ya gyara murya, ya ce, "Jikin da sauƙi, alhamdu lillahi."

Baba ta leƙo daga bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. "Da sauƙi a ina? Tun jiya ba ta sa komai a cikinta ba!"

"Haba Baba, ko a wasa sai kin ƙaryata ni?"

"Ai ba wasa nake ba. Haka kuke, duk ku. Ku dawo gida ku taɓa goshin yaro sau ɗaya, ku zama likitoci."

In Murya ta yi shiru ta nemi mai maganar, sai Uwar Murya ta gyaɗa kai. In ta zarce da zancenta, sai a sake, da fanka, da rediyo, da injin markaɗe, har Baba ta ce a ƙara mata albashi tunda ta zama 'yar wasan kwaikwayo. A cikin waɗannan kwanaki ne kuma Uwar Murya ta matsa lallai a riƙa karɓar lambar uwa tare da ta uba. Wasu iyaye maza sun yi ƙorafi. Ta ce a ba su haƙuri, a karɓa.

Uwar Murya, ke ce kika zauna cikinmu kika ji yadda muke magana in tsoro ya kama mu, ba yadda ya kamata mu yi ba. Ba ki ce mu koyi bin layi ba. Ba ki ce matanmu su jira a ba su dama ba. Kin bar mu yadda muke, da katse juna da sa baki da mantuwa, kika lanƙwasa ƙarfe ya bi mu.

Ranar da Uwar Murya take faɗa ta zo da tsakar rana, wata Talata da ba ta da wata alama. Kafinta ya dawo cin abinci ya tarar da Auta a kwance a kan doguwar kujera, ba ta je makaranta ba, ta ce kanta ke ciwo. Ya taɓa goshinta, babu zafi. Ya matsa gwiwoyinta, ba ta yi ƙara ba. Duk da haka ya zaro waya.

Mahaifiyarsa, wadda ke zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ta taɓe baki. "Kai dai, ko ƙuda ya sauka a kan yarinyar nan sai ka buga waya. Muryar nan ta kusa haddace ka. Wata rana ita za ta fara gaishe ka da suna."

"Inna, ai shawarar kyauta ce, ba a biya."

"Ko ana biya za ka buga. Ƙawata, tashi ki ci abinci ki kunyata ubanki."

Auta ta yi ɗan motsi, ba ta tashi ba.

Murya ta amsa, ta yi masa sannu, ta shiga tambaya. Zazzaɓi? Babu. Ciwon ƙashi ko ƙirji? Babu. Tana numfashi daidai? Daidai. Tana magana, tana motsa hannu da ƙafa? Ya kira sunanta, ta ce, "Baba," ta ja ƙafa ɗaya. Ya ce ƙalau. Bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Murya ta fara ba shi shawarar da ta dace da abin da ya faɗa: a bar ta ta huta, a sa mata ido, in ciwon bai sauka ba zuwa yamma a kawo ta. Har zuciyarsa ta fara kwanciya, har ya miƙa hannu zai jawo kwanon abinci.

A daidai lokacin matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu a zani. Ba shi ta kalla ba, ba kuma da wayar take ba. Da surukarta take.

"Inna, yarinyar nan yau sau biyu kofi yana suɓuce mata. Na ma yi mata faɗa, na ɗauka sangarta ce."

Murya tana cewa, "Ku riƙa ba ta ru..." sai ta ɗauke. Shirun bai fi ƙiftawar ido ba.

"Ku yi haƙuri. Na ji an ce kofi yana faɗuwa daga hannunta. Don Allah a ba wadda ta faɗa wayar."

Kafinta ya miƙa wa matarsa kamar wayar ta yi zafi.

"Wane hannu ne?"

"Na... na dama."

"Ki ce ta ɗaga hannayenta duka biyu ta riƙe su a sama. Sannan ki ce ta yi miki murmushi."

Auta ta ɗaga. Na hagu ya tsaya, na dama ya sulale ya sauka kan cinyarta. Ta yi murmushin, sai gefe ɗaya na bakinta ya ƙi tafiya. Inna ta ture faifan shinkafa tana salati. Matar ta faɗa wa wayar abin da ta gani, kuma kafin amsa ta zo layi ya katse.

Kafinta ya fizge wayar ya sake bugawa. Ba ta shiga ba. Ya sake. Ya sake. Gumi na shiga masa ido. Bai san cewa a daidai wannan lokacin Murya ma shi take nema ba, ita tana bugo shi, shi yana bugo ta, kowa ya tare wa ɗan'uwansa hanya. Tsoro ya hana shi ajiye wayar ko na daƙiƙa, kuma da abin ya tsaya a kansa, da sun daɗe suna karo a ƙofa ɗaya.

Sai wata waya ta yi ƙara a kan tagar kicin, 'yar ƙaramar wayar matarsa mai tsagaggen gilashi. Nas ce da kanta. Ba ta tambayi suna ba, ba ta tambayi shekaru ba, don tun kafin layi ya katse Murya ta miƙa mata duk abin da aka faɗa, kuma da ta ga wayar uba ba ta shiga, ta juya ta uwa.

"Maman Auta, ki saurare ni. Ku taso yanzu, yanzun nan. Kada ku ba ta komai ta baki, ko ruwa. Ku shigo ta ƙofar gaggawa, muna jiranku."

Maƙwabcinsu mai tasi yana wanke mota a ƙofar gida, ya watsar da bokitin. Kafinta bai tuna yadda ya ɗauko yarinyar ba. Ya dai tuna a asibiti ne ya lura takalmi ɗaya ke ƙafarsa. Da suka isa an riga an turo gado bakin ƙofa, an riga an sanar da masu ajiyar jini. Likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce ta fara, irin wadda ke kama wasu yara masu sikila, kuma maganinta ƙarin jini da wuri. Aka shige da ita, aka bar shi a baranda yana kai da kawowa, Baba mai shara tana binsa da kujera yana ƙin zama.

Rana ta yi sanyi kafin likita ta fito. Ta ce an tare abin. Ta ce da sun kai yamma a gida, da maganar da za ta yi musu daban ce. Kafinta ya zauna a ƙasa, a nan kan siminti, ya rufe fuska da hularsa. Da aka bar su suka shiga, Auta ta buɗe ido ta ce, da ɗan nauyin harshe, "Baba, ina takalminka?" Uwar ta fashe da dariya da kuka a haɗe, nas ta ce in ba su yi shiru ba za ta kore su duka.

Bayan an sallame su ya nemi ɗan ɗakin nan na baya. Ya tarar da Uwar Murya ta kusa manna fuska a allon kwamfuta. Ya tsara magana tun daga gida, amma da ya buɗe baki sai ta watse, ya tsaya yana ta "Allah ya saka, Allah ya saka." Ta bar shi ya gama, ta tambayi jikin yarinyar, sannan ta jawo kujerarta kusa.

"Malam Kafinta, ka tuna a wace kalma ta tsaya?"

"Wa?"

"Murya. Da maiɗakinka ta yi magana."

"Ruwa za ta ce. Ta ce 'ru', ta tsaya."

Ta girgiza kai. "Ta makara. Tun a 'suɓuce' ya kamata ta yi shiru."

Dogo ya kwashe da dariya har yana buga tebur. "Ka gani ko? Mutum ya zo godiya, ita tana neman laifi. Haka muke fama."

"Ka gode wa matarka," ta ce, "ita ta gani. Ka gode wa nas da likita. Wayar nan ta biyu da ta yi ƙara kuwa, wannan dogon ne ya zauna ya rubuta yadda za a yi in uba ya rikice ya tare layi. Ya ce ya san halinku, don shi ma haka yake."

"Anti, ba sai kin tona ni ba."

To mun gode musu duka, amma yau ke muke nufi. Ke ce wadda ba a taɓa kiran sunanta a taro ba, ba a rataye hotonta a bango ba, amma kunnenta yana cikin ɗakunanmu a ranakun da muka fi buƙata. Mai haƙurin saurare, uwar da ba ta haifi yaranmu ba amma ta kwana da su a rai. Allah ya huta idanunki, ya ba ki lafiyar da kika nema wa 'ya'yan mutane. Ku kuma matasa da ke koyon irin wannan aiki, masu gina na'urorin da za su yi magana da mu a banki da asibiti da makaranta, ku fito daga ɗakunanku ku zauna a benci. Ku ji yadda mai tsoro ke magana, ku ji wa ke magana a bayansa. Na'urar da ta iya zance da yawa take. Ku gina mana wadda ta san lokacin da za ta yi shiru.

Auta tana gida. Harshenta ya saki, bakinta ya daidaita, ta koma faɗa da kakarta a kan wa zai zauna kusa da taga. Ana kai ta motsa jiki, ana yi mata ƙarin jini lokaci lokaci, ubanta ya sassaƙa mata 'yan katakai masu santsi tana matsawa a tafin hannu. Ta iya ɗaga hannun dama har sama da kanta. Yatsun ne har yanzu ba su rufe a kan fensir ba, da hagu take ta fama da rubutu. Likita ta ce jikin yara yakan ba da mamaki, amma ba ta yi alkawari ba. Ko yatsun za su dawo gaba ɗaya, ko iyakarsu ke nan, babu wanda ya sani tukuna.